Gidan Gudun Sanyi

Jirgin ƙasan da ya kwaso mu daga Bobo ya zubar da mu a Abijan ana tsakiyar ruwa, irin ruwan da ban taɓa sanin sama na iya riƙe shi ba. Ni da yayana Mati muka raɓe ƙarƙashin wata rumfar kwano, buhun kayan aikinsa a kaina, hayaƙin jirgi ya mai da mu kamar maƙera. Ba wanda ya zo taryarmu. Duk wanda muka tara da "Salamu alaikum" sai ya amsa da yaren da ba mu san kansa ba, ya wuce. Muka bi bayan wasu masu ɗauke da kaya, muna zaton inda talaka ya nufa nan ne masaukin baƙo. Ashe arewa muka yi, zuwa Ajame, alhali wanda muke nema yana kudu, hayin ruwa.

A Ajame wani Bamoshe, ɗan ƙabilar Mosawa, mai suna Tinga ya gan mu muna rawar ɗari a gindin mangwaro. Ya taɓa bin fataken goro, yana da 'yar Hausarsa karyayya. Ya ce, "Hausa, zo. Ruwa kashe mutum." Ya shigar da mu bukkar da yake kwana shi da 'yan'uwansa, waɗanda aka kwaso daga ƙasarsu aikin dole. Ya ba mu wani abu fari mai tsami-tsami da suke kira aceke, da guntun kifi. Yaya ya ci loma biyu ya ajiye. Ni kuwa na sharɓe kwanon, don yunwa ba ta san baƙon abinci ba.

Yaya Mati magini ne, ɗan magini, jikan magini. A Mirriya, har cikin Damagaram, in ana son soron da za a ɗaure da bakan gizo, a yi masa zane a shafe da makuba, shi ake nema. Ni hannunsa ne: ni ke kwaɓa, ni ke miƙa tubali, a wurinsa na koyi abin da na sani. Abin da ya fito da mu saƙo ne daga Baba Ɗan Azumi, abokin marigayi mahaifinmu, dillalin shanu da ya daɗe a Abijan. Ya aiko fatake su ce Hausawan unguwar Tireshibil sun yi yawa, sun haɗa kai za su gina masallaci, kuma ba su yarda kowa ya taɓa shi ba sai ɗan amininsa. Liman ya yi mana addu'a a bainar jama'a. Yaya ya bar matarsa Hajo da 'yarsa tana rarrafe, ya ce shekara guda ce.

Da gari ya waye Tinga ya raka mu har bakin gadar da ke shawagi kan lagun, wato ruwan nan mai kwanciya da ya raba gari da teku. Muka tsallaka, tana lilo da mu, muka sami gidan Baba Ɗan Azumi a Tireshibil, kusa da mahauta. Ya rungume Yaya har da ƙwalla.

"Mati! Kamar an tsaga kara da ubanka. Ina wajen su Inna? Ina gajiya?"

Bayan gaisuwa Yaya ya ce, "Baba, a nuna mini filin, in ga irin ƙasar."

"Kai ma dai. Baƙo da ƙurar hanya a ƙafa yake tambayar fili? Ku ci, ku huta."

Muka ci, muka huta, har Juma'a ta zo muka yi salla a wata rumfar kwano mai yoyo. Yaya ya sake tambaya. Nan Baba ya jawo shi gefe, ya sassauta murya.

"Masallaci na nan tafe, in Allah ya yarda. Amma ƙasar nan, ɗana, ko turken akuya ba ka kafawa sai da takardar kumandan, Nasaran da ke mulkin gari. To akwai wani Nasara mai fataucin katako. Ya yi soja a Damagaram yana saurayi, ya ga ɗaurin gininku, ya shiga ransa. Yana gina gida bakin teku, yana son ɗaki guda irin namu. In ka yi masa, shi zai buɗe mana bakin kumandan."

Yaya ya karɓi aikin. Guzurinmu ya ƙare, hanyar gida ta yi nisa, ba mu da kowa sai wannan tsoho. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake. Sai daga baya wani mahauci ya tsegunta mini cewa tun kafin a aiko mana saƙo Baba ya riga ya yi wa Nasaran alkawarin magini, shi kuma Nasara ya ba shi kwangilar kai nama sansanonin masu saran katako. Maganar fili kuwa, ba wanda ya taɓa kai ta gaban kumandan. Ban gaya wa Yaya ba. Ina jin ya sani tun ranar.

Gidan yana kan wani siririn rairayi bayan Porbuwe, ta hanyar Basam, teku a gaba, lagun a baya. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Na tsaya ina jiran ya yi shiru, bai yi ba, har yau. Mai gidan ba a nan yake zaune ba. A Faransa yake da iyalinsa. In sanyin ƙasarsu ya kama, ya shigo jirgin ruwa ya zo ya yi 'yan watanni, zafi na fara leƙowa ya koma. Shi ya sa leburori suka raɗa wa wurin Gidan Gudun Sanyi. Wakilinsa ne ke tsaye kan aiki, wani jan Nasara mai gajeren wuya, wanda bai taɓa kiran ɗayanmu da suna ba. Kowa "Kai" ne, da Faransanci.

Zan faɗi gaskiya: gidan ya ginu. An ɗora shi kan ginshiƙan siminti da suka kai ƙirjin mutum, don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, laima kada ta hau. Baranda ta kewaye shi ta kowane gefe, yadda rana ba ta taɓa bangon ɗaki, ko da wane lokaci. Tagoginsa na katakon loko ne masu haƙarƙari, a rufe suke amma iska na shiga. Rufin jan tayil ne da aka kawo cikin jirgin ruwa, kowane ɗaya da tambari a bayansa. Matakala biyu suka sauko ta fuskar teku suka haɗu a ƙasa kamar mai miƙa hannuwa. Ɗakin girki an ware shi can baya, don hayaƙi da ƙaurin miya da mu. Yaya ya kewaya ginshiƙan nan yana shafawa, ya ce, "Issufu, wanda ya tsara wannan ya san iska." Bai iya ƙin yabon aiki mai kyau ba, ko na wane ne.

Ɗakin tsakiya aka bar masa. Shi kaɗai aka cike ƙarƙashinsa da dutse har ƙasa, don ya ɗauki nauyi. Rairayin teku ba ya gini, sai muka koma Ajame haƙar jar ƙasa, muna kwana wurin su Tinga, ana lodawa a mota. Azara kuwa babu giginya a nan, sai da aka saro daga wajen Dimbokoro aka kawo a jirgi. Tubalin farko da muka yi ya ƙi bushewa, ya yi gansakuka, ya narke kamar sabulu. Yaya ya zauna gabansa ya yi tagumi, ban taɓa ganin ƙasa ta ƙi shi ba sai ranar. Nasaran da ya tsara gidan ne ya ce a fara rufa tayil, a yi ginin ƙasa daga ciki, a inuwa, a riƙa hura wuta kaɗan-kaɗan. Haka aka yi, kuma ya kama. Makuba babu, sai farar ƙasa da ake ƙonawa daga ɓawon kawa. Ita Yaya ya riƙa tankaɗewa da hannunsa, don bai yarda da tankaɗen kowa ba. Tun lokacin ya fara tari.

Ana haƙa ramin da zai tara ruwan rufi, bayan ɗakin girki, sai diga ta tono ƙasusuwan mutane. Wakili ya ce a watsa lagun. Akwai wata tsohuwa Ba'ebiriya, 'yar asalin wurin, mai suna Akuba, da ke ƙyafe kifi a bakin ruwa tana sayar mana. Ta tsaya bayan shinge tana kallo, ba ta yi kuka ba, hannunta kawai ta ɗora a ka. Yaya ya tuɓe rigarsa, ya tsince ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ya ƙunshe, ya miƙa mata ta saman shinge. Wakili ya zage shi, ya kuma sa aka hana mu abincin rana.

Daga baya, da na iya Julanci, yaren Julawa da ake ciniki da shi a garin, Inna Akuba ta ba ni tarihin wurin. Ta ce nan ne maƙyafar kakanninta da makwancinsu. Sai wasu Nasara masu sayen manja suka kafa shagon katako. Zazzaɓin shawara ya shiga ya kwashe su cikin damina guda, hukuma ta cinna wa shagon wuta. Daji ya rufe wurin, mutanenta suka dawo. "Yanzu ga wannan," in ji ta. "Ku kun ce ƙasarku nesa. Ni tawa ga ta nan, ina kallonta ta shinge."

Damina biyu muka ci kafin ɗakin ya ƙare. Bakuna suka tashi daga kusurwoyi suka haɗu a tsakiya, ɗaurin guga, azara jere tsakaninsu kamar saƙar faifai. Yaya ya yi zane a jikin kowane baka, ya huda alkuki a bango don fitila da littafi. In ka shigo daga baranda, ƙarar teku sai ta ja baya, sanyi ya sauko maka kamar ka shiga zauren gidanmu. Ranar da aka cire katakon tallafi ya tsaya tsakiya ya ɗaga kai, ya ce a hankali, "Da ma alƙibla ya duba."

Mai gida ya iso da matarsa da akwatuna. Aka yi walimar rana, motoci suka cika rairayi. Yaya ya wanke rigarsa ta Juma'a ya zo, yana zaton za a kira shi. Wakili ya tare shi a matakala da sanda, ya nuna masa baya. Muka tsaya ƙofar ɗakin girki, kuku na fita da faranti muna leƙe. Na hangi kwalaben giya jere cikin alkukin nan, wata mata ta rataye hularta a ƙahon ɓauna da aka kafa da ƙusa tsakiyar zanen. Mai gida na nuna rufi da sigari, baƙi na tafa masa. Da la'asar aka aiko mana ragowar burodi. Yaya ya ce, "Tashi mu tafi, kada magariba ta same mu nan."

Ni aka riƙe gadi. Aka ba ni wani ɗan ɗaki jikin ɗakin girki. Aikina in buɗe tagogi da safe, in rufe da yamma, in share rairayi, in shafa wa katako mai, in kori tsuntsaye. Yawancin shekara gidan ba kowa, gadaje lulluɓe da farin ƙyalle kamar gawarwaki, ni kuma ina kwana kan buhu. Yaya ya koma Tireshibil, ɗakin baƙi na gidan Baba, yana bin masu ginin siminti yana ɗaukar bulo, shi da ake yi wa shimfiɗa a Damagaram. Na sha ce masa mu koma.

"In ce wa liman me? In ce wa Hajo me? Bari a sami filin, ko ɗan ƙarami ne. In ɗora baka guda, sai mu tafi."

Duk fataken da za su arewa sai ya ba su saƙon yana lafiya, aiki na tafiya. Wani ya kawo labarin 'yarsa ta yi wayo har tana ɗaukar tulu. Ranar ya zo wurina bakin teku, ya zauna bayansa ga ruwa, fuskarsa arewa, har rana ta faɗi. Ni kuma abin da ya fi ci mini rai ƙaramin abu ne: fura. Nan ba gero, ba nono. Nakan yi mafarkin Innarmu na dama mini, in farka da gishiri a leɓe.

Sai yaƙin Nasara ya tashi. Jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa, mai gida bai zo ba shekarar, bai zo ta gaba ba. Hanya ta rufe, ba ka motsi sai da takarda, ana kama maza a kasuwa a tura aikin dole. Wakili yakan leƙo jefi-jefi, ya duba kwalabe da cokula, ya tafi.

Cikin wannan hali tarin Yaya ya koma jini. Wata rana cikin damina na tsallaka Tireshibil, na tarar da shi kwance a rumfar da ake shanya fatu, ruwa na bi ta ƙarƙashin tabarmarsa, ƙudaje sun yi masa rumfa. Na nufi Baba yana zaune yana cin goro da baƙinsa.

"Baba, me Yaya ya yi aka fitar da shi?"

"Issufu, ka yi hankali da harshenka. Baƙina masu shanu ne, sun ce ba su kwana ɗaki guda da mai tarin nan. In sun sauya masauki, wa zai ci da gidan nan? Ai ban kore shi ba. Ga rumfa."

"Ku kuka kira shi daga ɗakinsa."

"Allah ne ya kira shi, abincinsa ne ya yo nan. Kai yaro ne."

Na juya na fita. Asibitin baƙaƙe a cike yake, kuma ba a karɓar wanda ba shi da Nasaran da zai tsaya masa. Na je wurin Inna Akuba. Ko tambaya ba ta yi ba, ta kira ɗanta ya kwance kwalekwale. Muka ɗauko Yaya ta lagun da hantsi, ba nauyi, kamar damin kara. Ɗakina ƙarami ne, kuma hayaƙin murhu ya kama bangonsa, yana shiga tari ya turnuƙe shi. Na dubi gidan nan mai ɗakuna a rufe, iska na yawo ciki ita kaɗai. Na saɓa shi a kafaɗa, na hau matakalar gaba, na shimfiɗa masa tabarma tsakiyar ɗakin da ya gina. Gadon Nasara ban taɓa ba, ko cokalinsa. Kwalaben kawai na kwashe na kai baranda.

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallon sama. Ya ce, "Za su kore ka."

Na ce, "Su kora."

Kwanakin nan su ne kawai masu daɗi da muka yi a ƙasar. Inna Akuba na kawo romon kifi da wani ganye da take dafawa. Numfashinsa ya ɗan sauka, har yakan jingina da bango ya yi salla a zaune. Yana kwance yana bin bakunan da ido, sai ya ce, "Issufu, dubi na gabas, kusa da wuya. Gishiri ya fara ci. Kwaɓo ƙasa." In hau tsani, yana gaya mini daga ƙasa, "Danna da babban yatsa. A'a, kada ka shafe, bar shi ya sha." Har faɗa yake mini kamar da, ni kuwa ina jin daɗin faɗan. Wata rana ya yi dariya, ya ce Hajo ba za ta yarda ba in aka ce mata ya kwana gidan bene bakin teku.

Ban san zuciyar Baba ba, Allah ya sani. Abin da na sani, ya aiko yaronsa ya ga inda muka kai mara lafiya, kuma bayan kwana kaɗan mota ta tsaya a rairayi da rana tsaka. Wakili ya fito da 'yan gardi, dogaran kumandan, Baba na biye da su yana gyara malafa. Wakili ya tsaya bakin ƙofa ya toshe hanci da hankici, yana ihu. Baba ne ya yi tafinta.

"Ya ce kun mai da gidan mutane asibiti. Ya ce sai an ƙone labule an wanke bango. Issufu, ni na tsaya muku a wurin nan, kun zubar mini da mutunci."

Na ce, "Baba, ku gaya masa wannan ne ya gina ɗakin. Ku gaya masa kwana kaɗan ya rage masa."

Baba ya juya ya yi Faransanci gajere. Na san bai faɗa ba, don zuwa lokacin ina tsintar kalmomi. Cewa ya yi ina ba da haƙuri.

Gardi biyu suka kama bakin tabarmar suka ja ta, da Yaya a kai, har baranda, suka gangara da ita matakala, kansa na bugun kowane tsani. Bai yi ƙara ba. Na yi kukan kura na kama wuyan ɗaya, sai na ji gindin bindiga a ƙeya. Da na farfaɗo hannuwana a ɗaure suke, ina cikin mota. Na hango Inna Akuba durƙushe a rairayi ta ɗora kan Yaya a cinyarta, tana kare masa rana da zanenta. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ba a kai ni gaban alƙali ba. Aka haɗa ni da masu haƙar hanyar ruwan da za ta haɗa teku da lagun. Can na ga abin da ya sa na daina cewa tawa ta fi ta kowa: maza na faɗuwa cikin laka da kwando a ka, a ja su gefe, a ci gaba. A can wani Bamoshe da aka kawo daga baya ya gane ni. Shi ya gaya mini ɗan Akuba ya kai Yaya Tireshibil, Baba ya ce ba wuri. Sai ɗan Akuban ya tura shi a amalanke har Ajame, Tinga ya karɓe shi. Yaya ya kwana biyu ya cika. Mosawa da wasu Julawa suka yi masa salla suka binne. Na tambaya ko ya bar magana. Ya ce ya yi ta magana da Hausa, amma Tinga na wurin aiki, ba wanda ya ji abin da yake cewa.

Da yaƙi ya ƙare aka soke aikin dole, aka sake mu. Na sami Ajame ta canza, bukkokin su Tinga babu, Mosawan duk sun koma ƙasarsu. Na kama ɗaukar nama a kasuwa, ina kwana a shagon wani Jula. Tireshibil ko kallonta ba na yi. Sai ga Baba wata safiya, ya tsufa, yana dogara sanda, ya tsaya gaban teburin da nake.

"Issufu, ɗana, abin da ya wuce ya wuce. Mai gidan nan ya mutu a ƙasarsu, an sayar wa wani. Sabon ba ya son ɗakin ƙasa, ya ce yana zubar da ƙura yana tara ƙwari, silin katako yake so. Leburori sun taɓa baka guda, ya kusa kashe mutum. Ba wanda ya san yadda aka ɗaure shi sai kai."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na so in ce a bar shi ya faɗo musu. Amma na tuna yadda za su yi masa, da guduma da igiya, su ja shi ƙasa kamar yadda aka ja wanda ya gina shi. Na ce, "Zan zo. Amma ba da ku ba."

Ta ƙofar baya na shiga. Na kafa tallafi, na fara daga tsakiya, inda aka gama, na bi aikin da baya-baya. Na kankare zanen da hannuna. Na kwance igiyoyin ɗauri, na zare azara ɗaya bayan ɗaya ina miƙa wa na ƙasa. Ko guda ba ta ci ba, ko gara ba ta taɓa ba, da an bar shi da ya kai jikokin jikoki. Ban yi kuka ba sai da haske ya faɗo ta inda rufin yake, na ji ƙarar teku ta cika ɗakin kamar kowane ɗaki.

Na roƙi sabon wakili azara guda. Ya ce an riga an sayar wa masu ƙyafe kifi, itace ne. Na gangara bakin lagun, na tarar har an fara faskarawa, hayaƙi na tashi. Inna Akuba, idonta ya kusa rufewa, ta ji muryata ta kira ni. Ta ja ni bayan bukkarta, ta ɗaga wata tsohuwar koma. Ga guda ta ɓoye, doguwa, da sauran jar ƙasa a jikinta.

Na ɗora ta a ka, na bi hanya da ƙafa, na tsallake gada, na ratsa unguwar Nasara ana kallona, har maƙabartar Ajame. Mai gadin wurin wani tsohon Jula ne. Na kwatanta masa shekara da damina, na ce Bahaushe ne, Mosawa suka kawo shi. Ya kai ni wani gefe da ciyawa ta rufe, ya tsaya yana waige-waige.

"Shekarar nan an kawo mutane da yawa," in ji shi. "Ko wannan ne, ko wancan. Allah dai ya san nasa."

Na haƙa rami tsakanin biyun, na kafa azarar, na danna ƙasa da ƙafa, na karanta abin da ya sawwaƙa. Har yau ban sani ba ko a kan Yaya na tsaya, ko a kan ɗan wata uwa da ita ma take can arewa tana jira. Da fataken goro suka tashi a kakar nan, na ba su saƙo zuwa Mirriya, karo na farko ba da bakin Yaya ba. Na ce su gaya wa Hajo ta yi takaba.